Zaɓen Mazauni a Jirgin Ruwa, Daga Fiton Gulbi Zuwa Ɗakin Baya na Jirgin Teku

Mutumin da aka haifa a Tambuwal ko Kebbe, ko da yake noma da kiwo da fatauci su ne gadonsa, ƙafarsa kuma ta fi sabawa da tudu, da wuya ya gama zamansa na duniya bai taɓa shiga jirgin ruwa ba; gama Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, yakan cika ya tumbatsa cikin watan Agusta da na Satumba har ya raba manomi da gonarsa, ya raba mai haja da kasuwarsa, wanda kuwa neman halal ya kai shi kudu, ta Jega da Koko har Yelwan Yawuri, can zai tarad da kogin Kwara da manyan jiragensa na katako masu inji, waɗanda ke kwasar mutane da buhuna da dabbobi a tashi ɗaya. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji ta ƙasa, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, waɗansunsu suna shekaru a hanya suna ƙwadago don haɗa guzuri, ba su sa ƙafa a Jidda ba sai da suka hau jirgi daga Sawakin ko Fot Sudan suka ƙetare Bahar Maliya. A zamaninmu kuma wani sabon abu ya ɓullo a wannan tasha ta Jidda, watau manyan jiragen shaƙatawa masu ɗakunan kwana, irin wanda ake kira Aroya, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Disamba na 2024, tsawonsa mita 335, cikinsa kuma yana ɗaukar mutum fiye da 3,000. Ba abin mamaki ba ne wani daga cikinmu da Allah ya buɗa wa, bayan ya kammala umra, ya yi sha'awar shiga da iyalinsa, a nuna masa ɗaki mai baranda can ƙarshen bayan jirgi, a ce masa babu kamarsa.

To, ko ɗan kwale-kwalen fito ne, ko wannan ƙaton mai benaye, tambayar da ke gaban matafiyi guda ce, watau ina ya dace ya zauna. Ɗaliban ilmi sun san hadisin da Imamu Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga misali da mutanen da suka yi ƙuri'a a kan wuraren zama cikin jirgi, waɗansu suka sami sama, waɗansu suka sami ƙasa, har na ƙasa suka yi nufin huda rabonsu don su ɗebi ruwa. Maƙasudin hadisin umurni da kyakkyawa ne da hani ga mummuna, amma ya isa ya tuna mana cewa cikin jirgi mazaunin mutum yana taɓa ran maƙwabcinsa, saboda haka akwai haƙƙin waɗansu cikin zaɓensa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, bayan jirgi ya fi ko'ina daɗin kallo, amma a nan ne aka tara ƙarfin da ke tura shi, wanda duk ya zauna kusa da wannan ƙarfi kuwa lalle ya sami rabonsa na girgiza da ƙara da hayaƙi.

Motsi iri biyu ne fasinja ke ji a jikinsa bisa ruwa. Na ɗaya, goshin jirgi ya ɗaga bayansa ya sunkuya, sa'an nan bayan ya ɗaga goshin ya sunkuya, gwargwadon yadda igiyar ruwa ke wucewa ta ƙarƙashinsa; na biyu kuwa tangaɗi, ya karkata dama ya komo hagu. Wanda ya taɓa lura da ɗan garuwa yana tafe da sandarsa, ya ga yadda garwar gaba da ta baya ke lilo sama da ƙasa, alhali wurin da sandar ta hau kafaɗa bai cika motsi ba, ya riga ya fahimci motsi na ɗaya sarai. Tangaɗi kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon nisan mutum daga fuskar ruwa zuwa sama, a ƙaramin jirgi ma nauyin da aka ɗora bisa shi ne ke kifar da shi. Saboda haka wurin da ya fi natsuwa a kowane jirgi shi ne tsakiya, kuma ƙasa-ƙasa.

Mu fara da na gida, tun da shi ya fi shafar yawancinmu. Idan ka iso bakin gulbi, kada gaggawar kasuwa ta sa ka faɗa jirgin farko da ka gani. Tsaya ka dube shi tun ba a cika shi ba. Leƙa cikinsa ka ga ruwan da ya kwanta, domin kowane jirgin katako yana ɗan yoyo, amma da bambanci tsakanin wanda yaro ke kwashe ruwansa da ƙwarya jifa-jifa da wanda yaron ba ya samun sararin ɗaga kai. Dubi wuraren da aka toshe da tsumma da kwalta, da katakon da ya yi baƙi ya yi laushi. Sa'an nan ka dakata a gama lodi, ka auna da ido tazarar da ta rage tsakanin leɓen jirgin da ruwa. In ka ga ba ta fi ɗani guda ba, shawarata ita ce ka haƙura da kuɗin fiton da ka biya ka sauka, gama 'yar igiyar ruwa, ko zaburar akuya guda, ta isa ta shigo muku da gulbi ciki. In kuwa ka gamsu, sai ka gai da mai fito da ladabi, ka ce, "Baba, sannu da aiki, ina zan zauna?" Sarkawa da sauran ma'abota ruwa sun gaji sanin rabon nauyi kaka da kakanni, mai fito na ƙwarai kuma idan ya ce ka matsa hagu ko ka koma tsakiya, daidaita jirginsa yake yi; musu da shi a wannan hali, don kana taƙamar sarauta ko dukiya, kuskure ne babba wanda cutarsa ba a kanka kaɗai za ta tsaya ba.

Ƙarshen baya a irin waɗannan jirage wurin aiki ne. Nan mai fito ke tsayawa da gwangwalarsa ko ya zauna da filafili, yana bukatar sararin juyawa da ganin gabansa. A jirgi mai inji kuwa nan injin ke rataye, nan jarkokin fetur suke, nan ƙara take, har in an ƙwala kiran gargaɗi daga gaba ba lalle ne ka ji ba. Bugu da ƙari, idan inji ya ɗauki gudu goshi yakan ɗaga baya ya nutsa, ruwan da ya shigo duk ya gangaro can, idan kuma aka kashe wuta farat ɗaya, igiyar da jirgin ya tayar takan biyo shi ta bugi bayansa, don haka fasinjan da ya ƙara nauyinsa a wurin, ruwa ya taimaka wa. Samari sun fi son goshi saboda iska, amma goshi shi ke shan fantsamar ruwa, shi ne kuma ke fara karo da abin da ke ɓoye, musamman a tafkin Kainji, inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1968 suke nan a tsaye ƙarƙashi. Tsakiya ita ce wurin tsofaffi da mata da yara, sai dai a nan ma akwai wani tsantseni da mutane ba su cika yi ba: a manyan jiragen Kwara masu rumfa, wanda ya kutsa can ciki tsakanin buhuna, rumfa bisa kansa, tamfol ɗaure a gefensa, ya sami inuwa, amma ya toshe wa kansa mafita in jirgi ya kife. Nemi tsakiya ta wajen gefe, inda babu abin da ya shiga tsakaninka da sarari, ka zauna ƙasa, kada ka hau bisa kaya, kada kuma ka miƙe sai jirgi ya dafa gaɓa.

Dalilin da ya sa na tsawaita a nan sananne ne ga duk mutumin wannan yanki. A watan Afrilu na 2022, a maƙwabciyarmu Shagari, kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana, aka tsamo gawa 29, har da mata da yara. A watan Mayu na 2023 kuma aƙalla yara 15 daga ƙauyen Dandeji suka rasu cikin irin wannan hatsari kan hanyarsu ta zuwa itace. Kafin waɗannan, ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150 ya nutse a Kwara kusa da Wara ta ƙasar Ngaski, 'yan kaɗan ne suka tsira, hukuma kuma ta ɗora alhakin a kan lodin da ya wuce kima. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri. Ajali ba ya gaba ba ya baya, amma shari'a ta umurce mu da riƙon sababi, kuma mafi girman sababi a nan shi ne rigar ceto, wadda hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, mai hedkwata a Lakwaja, ta wajabta wa kowane fasinja, kamar yadda ta hana tafiyar dare. Ka ɗaure igiyoyin rigar tamau, gama wadda aka rataya a kafaɗa kawai takan suɓule da zarar an faɗa ruwa. Mai babbar riga ya tuɓe ta ya ninke kafin ya shiga, domin in ta sha ruwa takan naɗe masa hannu da ƙafa; mai goyo kuma ya fi mata ta kwance ta rungumi ɗanta a gaba, inda za ta iya ɗaga kansa. Wanda lokacin salla ya riske shi a bakin gulbi ya yi ta kafin ya shiga ko bayan ya sauka, kada ya miƙe cikin kwale-kwale.

A jirgin teku kuwa, wurin nan da mai fito ke hana fasinja zama shi ake sayarwa da tsada, kuma ba a banza ba. Ɗakunan da ke fuskantar baya kaɗan ne, tun da faɗin jirgi bai kai ko kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa ba, saboda haka su ke fara ƙarewa. Mai ɗaki a gefe rabin duniya kawai yake gani, amma mai ɗakin baya, idan jirgi ya bar tasha, yana ganin gaɓar dama da ta hagu tare, ga kuma farar hanyar da jirgin ke shatawa bisa ruwa har iyakar ganin ido. Jikin jirgin yana tare masa iskar da ke bugowa daga gaba, ta yadda zai iya zama da Alƙur'aninsa takarda ba ta tashi, alhali barandar gefe wani sa'i ba ta zaunuwa. A jirage da yawa barandar baya ta fi sauran zurfi, kuma da yake lungun da ke kaiwa gare ta nan ya ƙare, ba mai gilmawa ta ƙofarka sai maƙwabci. Ga mai son kaɗaici da tafakkuri cikin halittar Ubangiji, haƙiƙa wannan fa'ida ce mai girma, ba ni kuwa ganin laifin wanda ya biya ƙarin kuɗi dominta in dai ya san abin da ke tare da ita.

Abin da ke tare da ita shi ne, farfelolin da ke tura jirgin a ƙarƙashinka suke, girgizarsu kuwa takan hau ta cikin ƙarfe har ta iso gado, ta fi tsanani sa'ad da jirgi ke juyawa don shiga tasha, abin da galibi ke faruwa da sassafe. Bene na ƙasa ya fi jin ta, na sama kuma ya fi jin tangaɗi, don haka benayen tsakiya su ne adalci tsakanin cutar biyu. Za a gaya maka manyan jirage suna da fika-fikai ƙarƙashin ruwa masu rage motsi, gaskiya ne, amma tangaɗin gefe suke ragewa, ɗagawar goshi da baya kuwa ba su da wani tasiri mai yawa a kanta, wanda ke saurin jiri da tashin zuciya zai ji ta a ɗakin baya fiye da na tsakiya. Maganinsa ya kafa ido bisa inda sama ta haɗu da ruwa, ya tauna citta, ya kuma nemi shawarar likita a kan ƙwayar hana amai tun bai shiga ba, domin shan ta bayan zuciya ta riga ta tashi ba ya cika amfani. Sai hayaƙi. A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take kaɗawa mafi yawan shekara, jirgin da ya nufi can kuwa yana tafe ne yana karo da ita, sai ta kwashi hayaƙin bututu ta kai shi baya, wani lokaci a wayi gari da ɗigon baƙi bisa kujeru; wanda ya bar farar jallabiya a waje shi zai fara shaida. Na ƙarshe, kuma wanda aka fi mantawa, shi ne nisa: a jirgi mai tsawon mita 335, daga ƙarshen baya zuwa tsakiya ya haura mita 150, a je a komo don abinci da salla da sauka, sau da yawa a yini, wannan kuwa ba ƙaramar wahala ba ce ga Hajiya tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Idan duk da haka ka ƙudurta ɗaukar ɗakin baya, to, kada ka yi ciniki a kan hoto. Ka ce wa wakilin da ke sayar maka da tikiti ya buɗe maka taswirar benayen jirgin, ka sa yatsa bisa ɗakin, sa'an nan ka duba abin da ke samansa da abin da ke ƙarƙashinsa, gama a bayan jirgi ake yawan sa ɗakin cin abinci da madafa da wuraren kiɗa, ɗakin da ke ƙarƙashin irin waɗannan kuwa ba ya rabuwa da jan kujeru tun kafin asuba har tsakar dare. Mafi alheri shi ne wanda ɗakunan kwana suka rufa masa sama da ƙasa. Bayan wannan ka tambayi sha'anin sutura, wanda a gare mu ya fi kallo muhimmanci. A waɗansu jirage an gina bayan ne hawa-hawa, kowace baranda ta ƙasa ta zarce ta samanta, har wanda ke bisa in ya leƙo yana ganin duk abin da ke cikin taka. Irin wannan ba ta dace da mai iyali ba, sai wadda rufi ya lulluɓe, wadda kuma za ta kare ku daga ranar Bahar Maliya. Mai ƙananan yara ya janye kujeru da tebur daga jikin shingen baranda, ya kulle ƙofarta in ba ya nan. Akwai kuma wani tikiti mai rangwame wanda sharaɗinsa shi ne kamfani ya zaɓa maka ɗaki daga baya. Wanda ya damu da inda zai kwana ya guje shi, ya tabbatar an rubuta lambar ɗakinsa a takarda kafin ya miƙa kuɗi, ya kuma bincika batun biza in jirgin zai tsaya a wata ƙasa banda Saudiyya.

Game da salla, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa mai salla cikin jirgin ruwa yana fuskantar alƙibla ne, ya juya tare da ita in jirgi ya juya gwargwadon iyawarsa, ya yi ta a tsaye, sai in ya kasa sa'an nan ya zauna, ƙasaru kuma yana nan ga wanda tafiyarsa ta kai mil 48. A nan ɗakin baya yana da wani sauƙi: jirgin da ya bar Jidda ya nufi arewa, da fari alƙibla tana hannun damansa ne, tun da Makka gabas take da Jidda, amma gwargwadon yadda ya yi nisa wajen Yanbu da gaɓar Masar sai ta yi ta komawa kudu maso gabas, watau kusa da inda barandar baya ke kallo, a komowa kuma al'amarin ya juye. Kada a dogara ga manunin alƙibla na waya cikin ɗaki, domin ƙarfen jirgi yana rikita shi. A tambayi ma'aikata, ko a je masallacin jirgin in akwai.

Abu biyu suka rage, duka kuwa wajibi ne. Wuta ita ce babbar abokiyar gabar jirgi, saboda haka kasko da gawayi da turaren wuta, duk da ƙaunar da iyayenmu mata ke yi musu, a bar su gida. Gobarar da ta kama jirgin Star Princess a watan Maris na 2006 daga baranda ta tashi, masu bincike kuma suka fi kyautata zaton guntun taba ne sanadinta. Sa'an nan atisayen ceto, wanda tun bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a watan Janairu na 2012, inda mutum 32 suka rasu, dokar teku ta duniya ta wajabta a yi wa fasinja shi kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Mai ɗakin baya ya fi kowa bukatar ya halarta, ya kuma taka hanyar da ƙafarsa shi da iyalinsa, daga ƙofar ɗaki ta matakala har wurin taruwa, ba ta na'urar hawa bene ba, domin ranar tashin hankali ba a amfani da ita.

Ɗan'uwa, in wannan ne shigarka teku na fari, ko kana tare da tsohuwa ko mai juna biyu, ɗauki ɗakin tsakiya a bene na ƙasa-ƙasa, ka bar na baya sai ka san yadda jikinka ke karɓar ruwa. In kuwa kallon ne ke ranka, a galibin waɗannan jirage akwai fili buɗe can ƙarshen baya wanda kowane fasinja ke iya zuwa ya zauna ba tare da ya ƙara ko kwabo ba.